Ta ina zan fara koya wa ɗalibaina maza mutunta mata?

"Malam, ina koyarwa a wata sakandaren gwamnati ta maza, ta jeka-ka-dawo. A zangon da ya wuce wasu ɗalibanmu 'yan aji biyar suka tare 'yan matan makarantar da ke maƙwabtaka da mu bayan an tashi, har ɗaya ya fizge wa wata hijabi, sauran suna ta shewa. An zane su a gaban asambule, aka kore su na mako biyu. Yanzu firinsifal ya ɗora mini aikin tsara abin da za a riƙa koya wa yaran game da daidaiton jinsi da hana cin zarafin mata. Tsorona biyu ne: kada iyaye su ce mun shigo da aƙidar Turawa, kada kuma in ɓata lokaci a kan abin da ba ya aiki. Ta ina zan fara?"

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. In na fahimce ka, abu biyu kake nema a lokaci guda: darasin da zai sauya halin yaro da gaske, da kuma harshen da za a yi shi da shi har uban yaron ya ji bai tayar da jijiyar wuya ba. Na daɗe ina aikin ba ɗalibai shawara a makarantun maza, na kwana da na jeka-ka-dawo, kuma tsoron nan naka biyu duk na ɗanɗana su.

Bari in fara da labarin da ka bayar, domin amsar tana cikinsa. Wanda ya fizge hijabin mutum ɗaya ne. Masu shewa fa, su nawa ne? Yaron nan bai yi abin da ya yi don yarinyar ba, ya yi ne don abokansa su gani su ce ya cika namiji. Da a ce biyu daga cikinsu sun ɓata rai sun ce "kai, bari mana", da hannunsa bai kai ga hijabin ba. Saboda haka ɗalibanka na gaskiya su ne masu shewar, da kuma waɗanda abin bai yi musu daɗi ba amma suka ja bakinsu suka yi shiru don kada a ce musu ragwaye. Su ne mafi yawa a kowane aji, kuma su ne suka fi sauƙin juyawa.

Abu na biyu, kada ka ji haushina: bulalar da aka yi musu a asambule ita ma darasi ce. Ta koya wa duk yaron da ya tsaya a filin nan cewa idan wanda ya fi ka ƙarfi ya ji ka ɓata masa, jikinka ne zai gaya maka, kuma a gaban jama'a. To ai wannan shi ne ainihin tunanin da muke son cirewa daga kansu. Zan dawo kan wannan.

Girman abin

Ba makarantarku kaɗai ba ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an taɓa yi musu cin zarafi ta hanyar lalata. Ka riƙe wannan na yara mazan, zai yi maka amfani. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya ce kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko an ji musu ciwo tun daga shekara 15.

Dokoki akwai su. An sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, a 2015, jihohi suka yi ta karɓarta ɗaya bayan ɗaya. A watan Yunin 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a watan Satumbar shekarar kuma Kaduna ta tsananta hukunci har da dandaƙa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Amma doka sai an yi ɓarna take isowa, in ma ta iso, domin mafi yawan maganganun nan a zaure ake kashe su da sunan rufin asiri. Shirye-shiryen da ke shiga makarantu kuma, irin su AGILE na Bankin Duniya, 'yan mata suka fi fuskanta: a koya musu kare kai, a koya musu faɗin abin da ke damunsu. Wannan daidai ne. Sai dai mun yi shekaru muna gaya wa yarinya yadda za ta kauce, ba mu zauna da wanda take kauce wa ba.

Kalmar da za ka shiga da ita

Karona na farko na sha ƙasa, kuma laifina ne. Wata ƙungiya ta zo mana da majigi da fastoci, na tara musu ɗalibai kusan ɗari huɗu a zauren taro, wani saurayi ya yi awa biyu yana ta "jenda, jenda" rabi da Turanci. Yaran suka sha lemo suka watse. Kafin Juma'a labari ya zaga gari cewa a makarantarmu ana koya wa yara mace da namiji ɗaya suke a gado da shugabancin gida, alhali ko kalmar gado ba a ambata ba. Sai da firinsifal ya bi gidajen dattawa yana ba da haƙuri, ni kuma na yi zango biyu ban sake ɗaga maganar ba.

Tsoron iyaye yana da tushe, kada ka ɗauke shi jahilci. Sun tuna ƙudurin daidaiton jinsi da Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a 2016, wanda malamai suka soka saboda batun gado. Sun ji lokacin da ministan ilimi Adamu Adamu ya ba da umarni a 2022 a cire ilimin jima'i daga manhajar makarantu. Duk wanda ya ce "daidaiton jinsi" a garinmu, waɗannan ne suke faɗo wa mai sauraro a rai tun bai ƙarasa jimlar ba.

Ni abin da nake kiran darasina shi ne adalci da mutunci. Ba wayo ba ne, ba kuma ɓoye wani abu nake yi ba. Abin da nake son yaro ya fita da shi ke nan: jinin mace da mutuncinta da karatunta da ra'ayinta suna da nauyi daidai da nasa, ƙarfin da Allah ya ba shi amana ne, kuma ba shi da iko a kan jikin kowa. Wannan ba sai an ɗauko shi daga Ingila ba. A Suratun Nur, umarnin runtse ido ga maza ya zo a aya ta 30, kafin na mata a ta 31, amma ka tambayi ɗalibanka wacce suka fi ji ana karantawa. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, kuma da aka tambaye ta me yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. Shi ne ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. A tarihinmu kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajis, wato matan da ke jagorantarsu, suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. In akwai Kiristoci a ajin, malamin addininsu ba zai rasa nasa nassin ba.

Amma ka shirya, a aji huɗu ko biyar sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai Alƙur'ani ya ce a dake su." Kada ka yi kamar ayar ba ta nan, yaran sun san Suratun Nisa'i, in ka yi ƙarya sau ɗaya ka rasa su. Wannan zaman nakan bar shi ga malamin addini wanda na riga na zauna da shi, ya warware musu sharuɗɗan da malaman fiƙihu suka gindaya, ya nuna musu cewa marin fuska da fasa baki da karya hannun da ake gani a kotunanmu babu malamin da ya halatta su, sannan ya tambaye su: wanda aka saukar wa ayar, shi ya ya yi a gidansa? Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya daɗe yana wannan magana a bainar jama'a, tun lokacin da ya nemi a yi dokar iyali a Kano a 2017, don haka ba baƙuwar murya ba ce.

Kafin zaman farko, ka kai takardar abin da za ka koyar gaban kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai, ka kai wa limamin unguwa har gida, ka ce ya gyara maka. Mutumin da aka nemi shawararsa da wuya ya hau mumbari ya yaƙe ka.

Abin da aka gwada aka gani

Tsoronka na biyu shi ne ɓata lokaci. Abin da ba ya aiki na riga na ba ka misalinsa: taron yini guda, wa'azin asambule, ko gangamin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata da ake yi daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba a buga riguna a watse.

A jihar Haryana ta Indiya, inda fifita ɗa namiji ya yi ƙamari, ƙungiyar Breakthrough ta shiga makarantun gwamnati da zaman tattaunawa na minti 45, kusan sau ɗaya a mako uku, har tsawon shekara biyu da rabi. Masu bincike suka bi makarantu 314, wasu an yi shirin wasu ba a yi ba. Ra'ayin yaran ya sauya, kuma da aka koma bayan shekara biyu da gama shirin sauyin yana nan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a aikace maza sun fi mata sauyawa, suka fara taya aikin gida. Dalilin a fili yake: yarinya ko ta yarda tana da haƙƙi ba ta da ikon ƙwatarsa, amma yaro in ya yarda, gobe da safe zai iya ɗaukar tsintsiya ba mai hana shi.

A unguwannin talakawa na Nairobi a Kenya, ƙungiyar Ujamaa ta yi wa samari zama shida na awa bibbiyu, babban abin da ake yi a ciki shi ne gwajin yadda za ka shiga tsakani in ka ga ana cin zarafin mace. Yawan waɗanda suka ce sun shiga tsakani ya ƙaru sosai. A gundumar Luwero ta Yuganda kuwa, ƙungiyar Raising Voices malamai ta nufa, a firamare 42, kuma dukan da malamai ke yi wa ɗalibai ya ragu da kashi 42 cikin 100. Kusa da mu ma, a yankin Damagaram na Nijar, makarantun magidanta da UNFPA, wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta taimaka aka kafa sun nuna cewa namiji ya fi jin magana daga bakin namiji ɗan'uwansa da yake ganin girmansa, ko da yake su lafiyar mata masu ciki suka sa a gaba.

Yadda nake yi

Ka fara da 'yan aji ɗaya da biyu na ƙaramar sakandare, masu shekara 11 zuwa 14. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Yan aji biyar ɗin da suka jawo maganar za a yi da su, amma kada ka sa ran abin mamaki. Rukuni kada ya wuce yara 25 zuwa 30, zama ɗaya a mako biyu, a gindin bishiya ma ya isa, kuma bulala ba ta zuwa wurin. Wanda zai jagoranta ya zama malamin da yaran ke so, sau da yawa mai horar da 'yan ƙwallo ya fi malamin ladabtarwa amfani a nan. Ka duba shi da kyau tukuna. Malamin da aka sani da yi wa 'yan talla maganar banza a bakin get ba zai koyar da wannan ba, ko da digiri nawa gare shi.

Zaman farko ba na ambatar mata ko kaɗan. Nakan rubuta "namiji" a allo in ce su gaya mini wane ne shi. Amsoshin kusan iri ɗaya ne ko'ina: ba ya kuka, ba ya tsoro, ba a raina shi, yana da kuɗi, in ya yi magana a gida an gama. Sai in tambaya, wanda ya kasa wannan me ake ce masa? Nan aji ke kaurewa da dariya: rago, mijin-ta-ce, ɗan daudu, mata-maza. Sai in ce kowa ya yi shiru ya tuno namiji ɗaya da ya fi ƙauna a rayuwarsa, ya faɗi dalili. Wani zai ce kakansa, don bai taɓa yi masa tsawa ba. Wani zai ce yayansa da ya bar makaranta ya kama tuƙin adaidaita sahu don ƙannensa su yi karatu. In rubuta waɗannan a ɗaya gefen allon. Ba sai na yi sharhi ba, su da kansu suke ganin jerin biyu ba su haɗu ba.

Zama na biyu shi ne na awoyi. Kowa ya rubuta abin da ya yi jiya daga asuba zuwa barci, sannan ya rubuta na ƙanwarsa ko yayarsa. Wani yaro ɗan aji biyu, ba na manta shi, ya karanto nasa: salla, shayi, makaranta, ƙwallo, Islamiyya, kallon ƙwallo. Ya karanto na ƙanwarsa: shara, wanke-wanke, ɗora koko, yi wa ƙanne wanka, makaranta, tallan awara har magariba, tuwon dare. Ya tsaya yana kallon takardar, sai ya ce, "Malam, shi ya sa take barci a aji." A gida kullum shi ake yabo ya fi ta ƙoƙari. Bayan mako biyu ya ce mini ya karɓi ɗebo ruwa da wankin kayansa, amma da daddare yake yi don kada 'yan layinsu su gani. Na ce masa ya yi ta yi da daddaren, rana na zuwa.

Daga nan sai a shiga abin da ya faru a hanyarku. Kada ka yi wa'azi, ka sa su yi wasan kwaikwayo: ga majalisa a kan dakali, ga mai tallan gyaɗa ta zo, ɗaya ya riƙe farantin ya ƙi biya sai ta yi masa murmushi. Kai kana zaune a wurin, me za ka ce? Yaro yana bukatar kalmomin a bakinsa tun kafin ranar, domin a lokacin ba ya samun damar tunani. Su za su ƙirƙiro su, kuma nasu sun fi namu: "Kai, sallame ta mana, ana jiran ta a gida." "Bar ta, 'yar layinmu ce." Wani ya ce shi kawai zai miƙe ya biya kuɗin gyaɗar ya ce ta tafi. A koya musu kuma inda ba a shiga da ka: in da makami ko manya ne, a ruga a kira babba.

Wata dabara da kowa ke amfani da ita ita ce "ka ɗauka ƙanwarka ce". Tana buɗe ƙofa, ina amfani da ita, amma kada ka tsaya a nan. Yaron da ke kare ƙanwarsa kaɗai shi ne gobe zai zane ta don ya gan ta tana magana da wani, yana ganin gata ya yi mata. Kuma wadda ba ƙanwar kowa ba fa, 'yar aiki, 'yar gudun hijira, wadda ba ta sa hijabi ba? Sai ka kai su inda za su ce ba a taɓa ta don ita mutum ce. Ga manyan aji kuma dole a yi maganar waya: hotunan 'yan mata da ake yaɗawa a rukunin WhatsApp, barazanar "in ba ki zo ba zan saki hotonki", da finafinan batsa da yawancinsu suka fara gani tun ba su balaga ba. A faɗa musu ƙarara cewa kuɗin da ka kashe wa yarinya a zance bai saya maka komai a jikinta ba, kuma shirun mai jin tsoro ba yarda ba ce.

Yanzu bulala. A makarantar kwana na ga yadda abin ke gudana kamar gado: siniya ya sa juniya tsallen kwaɗo, ya ƙwace masa gari da sukari, ya sa shi wanki, juniya ya haɗiye yana lissafin shekarar da zai zama siniya. Yaron da ya yi shekara shida a wannan tsari ya haddace cewa na ƙasa da kai abin takawa ne, kuma ranar da ya yi aure, wa ke ƙasa da shi? In firinsifal da gaske yake, ya karɓe bulala daga hannun firifet-firifet, ya rage ta a hannun malamai. Na san abin da abokan aikinka za su ce, aji mai yara 90 ba ya tafiya sai da dorina. Ban raina wahalarsu ba, na tsaya a gaban irin wannan ajin. Amma ba zai yiwu ranar Talata ka ce ƙarfi amana ne, ranar Laraba a kwantar da yaro a kan benci mutum huɗu sun danne shi ba.

Ranar da wani zai biyo ka

In zaman ya yi kyau, wata rana bayan an watse wani yaro zai tsaya yana jan ƙafa. Wani zai ce babansa na dukan mamarsa. Wani kuma, ka tuna 1 cikin 10 ɗin nan, zai ce wani siniya ko wani mai shago ya yi masa abin da ba ya iya faɗa. Ka shirya wa ranar tun yanzu. Ka saurare shi, ka ce ka yarda da shi kuma ba laifinsa ba ne, kada ka yi masa alkawarin ba wanda zai ji, ka ce dai ba wanda zai ji sai wanda zai taimaka. In abin bai daɗe da faruwa ba, asibiti ne farko, domin maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi. Akwai cibiyoyin da aka ware don wannan, irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato, kuma suna karɓar yara maza. Ka nemi lambar ta kusa da ku ka ajiye, ku kuma yi yarjejeniya da firinsifal a rubuce cewa in wanda ake zargi malami ne, ba za a kashe maganar da canjin wurin aiki ba. Binciken laifi da shari'a ba aikinka ba ne, ba nawa ba ne, kada ka zama ɗan sanda.

Iyakar abin ita ce, kana da yaro awa shida, gida da layi suna da shi awa goma sha takwas. Binciken Indiya da na Kenya ma yawanci abin da yaran suka faɗa da bakinsu aka auna, kuma yaro ya iya faɗin abin da malam ke son ji. Shi ya sa ni ba na dogara da takardar tambayoyi. Ka je wurin shugabar makarantar 'yan matan, ku shirya wata malama ta riƙa tambayar ɗalibanta a farkon zango da ƙarshensa: a makon nan sau nawa aka tare ku a hanya, kuma a wane lungu? Ka tambayi masu talla a bakin get su ma. Lungun da suka ambata, malamai biyu su riƙa tsayawa a wurin minti ashirin bayan an tashi, daga wannan Litinin ɗin, tun kafin ka gama rubuta darasin farko.